Fuskar gaskiya a duniyar da mai zane ya ƙaga

A 2018 mai zane ɗan Amurka Kehinde Wiley ya zana Barack Obama zaune kan kujera, ganye da furanni sun rufo shi ta ko'ina. Lynette Yiadom-Boakye ta Ingila kuwa, mutanen ma ƙirƙiro su take yi daga ka. Mai son gwada salon Wiley a Yamai, wato fuskar gaskiya cikin ƙagaggen wuri, abin da ya fi kayar da shi haske ne.

An ɗauki hoton mutum a waya, rana ta bugo shi daga hagu, sai mai zane ya ƙaga kogi da taurari a bayansa, haskensu na fitowa daga dama. Ido na gani zai ce fuskar nan manna ta aka yi. Tun kafin a taɓa burushi, a yanke inda haske yake, a sa ɗan alama da fensir a gefen yadin zanen. Sannan launin bayan ya shigo jikin mutumin: in sararin shuɗi ne, a ɗiga shuɗi kaɗan kan goshi, ƙashin kumatu da kafaɗa, domin baƙar fata tana ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita.

Kada a zana fatarmu da baƙin fenti, yana mayar da fuska kamar toka. A gauraya ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi don inuwa, a ƙara ja da rawaya inda haske ya sauka. Fari sai ƙarshe, ɗigo kawai a ƙwayar ido da leɓen ƙasa.

Yadi da katakon firam ana samu a kasuwar Katako ta Yamai. Kafin a fara zane, a shafe yadin da haɗin gam na kafinta awo ɗaya, ruwa biyu, garin alli uku, farin fenti ɗaya. Shafi uku marasa kauri, ana gogewa tsakani. Alli ya yi yawa, ya tsage.

Yanayi ma da nasa. A zafin Afrilu fentin akirilik, wanda ake haɗawa da ruwa, kan bushe kafin a gama haɗa kumatu, don haka a zuba shi kan takarda bisa jiƙaƙƙen tsumma, a yi aiki da sassafe. Na mai kuma kwanaki yake yi bai bushe ba, ƙurar hunturu ta lafe masa. A jingine shi fuskarsa na kallon bango.