Mora, garin da wuƙarsa ta fi shi suna

Daga Stockholm, babban birnin Suwidin, zuwa Mora tafiyar kusan awa huɗu ce a jirgin ƙasa. Da an wuce Borlänge sai gonaki su fara ja da baya, daji ya rufe dama da hagu, har ka iso bakin tafkin Siljan. Da kaka na je, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa, sanyi kuwa tun bai kankama ba ya sa ni ɗora riga kan riga.

Garin bai da girma. Wasu tseren Vasaloppet ke kawo su, na gudu kan ƙanƙara mai kilomita 90, wanda ake ƙarewa a nan tun 1922. Wasu kuma gidan mai zane Anders Zorn. Ni dai wuƙa ce ta kawo ni, don haka washegari na nufi Östnor, wani ƙauye da ke jingine da garin, inda ake ƙera ta.

Wanda ya je yana tsammanin ganin tsofaffi a gindin zugazugi zai sha mamaki, don masana'anta ce shar, injuna ne ke yawancin aikin. Amma asalin sana'ar talauci ne. Ƙasar yankin Dalarna, inda Mora yake, ba ta ciyar da mai ita, ga duwatsu ga gajeren lokacin noma, dole kowane gida ya nemi sana'ar hannu ta cin hunturu. Mutanen Östnor sun fara da manyan agogunan tsaye, suka yi suna da su, har masu araha daga Jamus da Amurka suka kashe musu kasuwa a ƙarni na 19. Wasu suka koma ƙera kan famfo, wanda har yau ake yi a ƙauyen, wasu suka kama wuƙa.

A 1891 Frost-Erik Erson, bayan ya dawo daga aikin saran katako a Arewacin Amurka, ya buɗe wurin ƙera abin jan gungume a kan ƙanƙara. Wuƙa aikin gefe ce a wurinsa, sai ga shi fatake sun yi ta yawo da ita ƙauye-ƙauye har ta danne ainihin sana'ar. A 1912 Krång-Johan Eriksson da Lok-Anders Mattsson suka kafa tasu maƙerar, aka yi ta gogayya shekara da shekaru kafin gidajen biyu su haɗe a 2005. Tun 2016 Morakniv ake kiran kamfanin.

A shagonsu na cikin gari na riƙe irin ta da. Mariƙinta na icce ne, an shafe shi da jan fenti, mai kumburi a tsaka da tsukewa a ƙarshe, ba ado ko ɗigo. Wasu daga cikinsu ƙarfe uku aka haɗa a ruwansu: mai tauri a tsakiya don ya riƙe kaifi, mai taushi a gefe da gefe don kada ta karye. Bakinta kuwa gangare ɗaya ne mai faɗi, kwantar da shi kawai za ka yi a kan dutse ka wasa, ba sai ka zama gwani ba. Mafi arhar wuƙaƙensu ba ta kai kuɗin abincin rana ɗaya a garin ba. A ganina sirrin ke nan. Wuƙar da ba ka tsoron ta ɓata ita ce kullum a ƙugunka.

A masaukina na haɗu da wani dattijo da ya zo farautar älg, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai tsayin doki, wadda 'yan Suwidin ke fita nema rukuni-rukuni duk kaka. Na yaba masa mai jan mariƙin, sai ya girgiza kai. Ya ce ta sassaƙa ce. Wurin fiɗa, in jini da kitse suka jiƙa hannu, ba abin da zai tare yatsa ya zame kan kaifi. Ya zaro tasa daga kuben roba: mariƙi mai kama hannu, da 'yar katanga gaban yatsa, ƙarfen da ba ya tsatsa, launinta ruwan lemo don a hango ta in ta faɗi cikin ciyawa. Duk mahaucin da ya taɓa aikin layya zai gane maganarsa.

Ba Mora kaɗai ke ƙera wa mafarauta ba. Kamfanin EKA na garin Eskilstuna tun 1882 yake, sai Fällkniven na garin Boden can arewa, wanda aka kafa a 1984, kuma matuƙan jiragen yaƙin ƙasar ke ɗauke da wuƙarsa F1 tun 1995. Tana da kyau, ba musu, amma da kuɗin guda sai ka cika jaka da 'yan Mora.

Na sayi biyu, ja da ruwan lemo. Mai shagon ta naɗe su, ta gargaɗe ni cewa dokar ƙasar ta hana yawo da wuƙa cikin jama'a ba tare da dalili ba, sai na tura su can ƙasan akwati kafin in kama hanyar tasha.