Daren da Sabar Ta Tsaya

Shekara uku na yi ina zaton aikina ne zai yi mini magana. Duk daren da sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da manhajojinmu ke aiki a kanta, ta faɗi, ni ake buga wa waya. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, faifan ajiya ya cika maƙil da tsofaffin bayanan da babu mai sharewa, manhaja ta tsaya cak. Na gyara, na rubuta ɗan umarnin da zai riƙa share su da kansa, na koma barci. Gari ya waye, babu wanda ya san an yi wani abu.

Da lokacin duba albashi ya zo, shugabata ta ce, "To Malam, me ka yi bana?" Sai na kama inda-inda. Ba ƙeta ta yi mini ba. Ita ma sai ta kai hujja sama kafin a sa hannu, ni kuwa ban ba ta ko ɗaya ba.

Tun daga nan na buɗe fayil guda, duk ƙarshen mako in rubuta abin da na yi, amma da yaren masu riƙe da kuɗi. Na daina rubuta "na gyara saituna". Sai in ce na kashe injinan AWS, wato kwamfutocin da ake haya daga kamfanin Amazon ta intanet, waɗanda aka manta a kunne ana ta cajin kamfani, ga lissafin watan jiya, ga na wannan watan. Na kuma gano cewa ana rufe kasafi tun kafin a kira mu zaman, don haka nake tayar da maganar ƙari da wuri.

Kuskuren da ya fi ci mini rai daban ne. Akwai tsohon tsarin da ni kaɗai na san kansa, ina ta taƙama wai ba za a iya ba sai da ni. Ashe turke na kafa wa kaina. Da gurbin shugaban tawaga ya buɗe, aka ce wa zai riƙe wancan in an ɗaga ni? Aka ba wani.

Takardun shaida irin CCNA, ta ƙwarewa a haɗa kwamfutoci da juna, suna buɗe ƙofar intabiyu, amma bayan shekara 3 sai an sabunta su, kuma a cikin gida ba a taɓa tambayata su ba.

Sai da na zauna na rubuta yadda tsarin nan yake aiki, na zuba a Git, ma'ajiyar da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu, na koya wa ƙananan ma'aikata biyu. Daren da ya sake faɗuwa, ɗaya daga cikinsu ce ta tashe shi. Ni da safe na gani a saƙo.