Abin da shekarar tazarce ta koya mini a ɗakin labarai

Duk wanda ya yi aikin jarida a Nijar a 2009 ya yi karatun shari'a, ko yana so ko ba ya so. Lokacin ina ɗakin labarai na wani gidan rediyo mai zaman kansa, kuma kundin tsarin mulkin 1999 yana kwance a durowar edita, ba mai waiwayarsa. Daga watan Mayu ya dawo kan tebur. Kafin damina ta kankama gefen shafukansa ya yi baƙi don yawan buɗawa, an ja jan biro ƙarƙashin aya ta 36 da ta 136. Ta farko ta ce shugaba wa'adi biyu zai yi, shekara biyar-biyar. Ta biyun ta hana a taɓa ta farkon. Wa'adin shugaba Tandja Mamadou na biyu kuwa ranar 22 ga Disamba zai cika, shi kuma yana son a yi zaɓen raba gardama don ya zarce.

Jera kwanaki na fara koya. Ɗan siyasa ba ya rasa ta cewa, amma in ka jera takardun hukuma bi da bi, ba ka buƙatar mai sharhi. Kotun tsarin mulki ta ba da ra'ayin cewa zaɓen raba gardamar bai halatta ba, ranar 26 ga Mayu shugaban ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar kiran zaɓen, 26 ga wata ya ɗauki iko na musamman da aya ta 53, bayan kwana uku ya rusa ita kanta kotun da Salifou Fatimata Bazeye ke shugabanta. Duk wanda ya ce a'a, sai a janye kujerar da yake zaune a kai.

Wannan mai sauƙin ke nan. Mai wuyar yana shirin kiran waya na dare. A Yamai 'yan boko da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan adawa su Mahamadou Issoufou da Mahamane Ousmane suna maganar ayoyi. Masu bugo mana daga ƙauyuka kuwa ba ruwansu da aya. Baba Tandja suke ce masa, su lissafa maka ajin makaranta da ɗakin shan magani da rijiyar da aka yi musu, su ce a bar shi ya gama madatsar Kandadji da matatar man Damagaram. Abokan aikinmu da dama sun ɗauka duk sayen baki ne. Ni dai muryoyin da na ji, yawancinsu tsakani da Allah suke magana, kuma wanda matarsa ta daina tafiya mai nisa a keken shanu don awon ciki ba za ka raina masa hankali ba. Sai na koyi barin mutum ya gama maganarsa, in gode masa, sannan in karanta masa aya ta 136 yadda take, ba ƙari ba ragi. Wani ya kashe wayarsa, wani ya sake bugowa gobe.

Alƙaluma ma sun koya mini taka tsantsan. Ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen, 'yan adawa suka ƙaurace, aka bayyana cewa sama da kashi 92 cikin 100 sun amince da ƙarin shekara uku. Ba mu taɓa karanta adadin nan ba tare da “in ji hukumar zaɓe” a bayansa ba.

Sauran ya zo da gudu. Zaɓen 'yan majalisa na 20 ga Oktoba ya ja ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta dakatar da ƙasar, Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ta zirga-zirgar sulhu ba a daidaita ba, ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojojin Salou Djibo suka kama Tandja a fadarsa. Abin mamaki, cikin masu haddace ayoyin nan har da waɗanda suka fito titi suna yi wa sojoji jinjina. Editanmu bai ce uffan kan murnar ba. Umarninsa ɗaya ne: tambayar da muka yi wata da watanni muna yi wa Tandja, ita za mu yi wa masu kaki, wato yaushe za su sauka. Amsar ba ta tabbata ba sai 7 ga Afrilun 2011, da aka rantsar da Issoufou shugaban ƙasa.