Babin da Madam ta cire daga kundina

Mastar dai ta ƙare, an ba ni 11 cikin 20, kuma duk wanda ya yi karatu a Faransa ya san me 11 take nufi ga mai son ya zarce dakta, ƙofa ce aka rufe maka cikin ladabi. Kafin in bar gari bari in faɗa wa ƙannenmu masu zuwa sashen nazarin zamantakewa abin da ya faru.

Bincikena a kan rigimar dokar auren jinsi ta 2013 ne, wadda ministar shari'a Christiane Taubira ta kai majalisa zamanin Hollande. Madam, malamar da ke duba aikina, ita ce da kanta ta ba ni maudu'in, ta ce in duba waɗanda suka fito zanga-zangar Manif pour tous ta masu adawa da dokar. Abin da take jira kenan: ga 'yan Katolika da 'yan ra'ayin riƙau a gefe guda, ga 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a ɗaya gefen, shi ke nan. To ina tona jaridu da bidiyoyin lokacin sai na ci karo da abin da ban zata ba, wasu 'yan luwaɗin da kansu suna kan dandamali suna cewa ba sa son dokar. Akwai Xavier Bongibault mai ƙungiyar Plus gay sans mariage, akwai shafin Homovox inda suke ba da shaida fuska a buɗe. Na ce kai, ai nan naman yake.

Da na bi diddigi sai na ga su ma ba bakinsu ɗaya ba, wasunsu ko ga maciji ba sa yi da juna. Na Faransa yawanci maganar 'ya'ya ce ta dame su, suna cewa yaro na da haƙƙin uwa da uba, kuma in aka buɗe aure za a buɗe ɗaukar riƙo, daga nan sai hayar mahaifa, mace talaka ta ɗauki ciki a biya ta. Wasu kuma suka ce ai PACS na nan tun 1999, yarjejeniyar zama tare da hukuma ta sani, a gyara ta mana a ƙara mata ƙarfi a bar aure inda yake. Irin wannan muryar ta sake fitowa a Ayalan lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 2015 kan auren jinsi, Keith Mills ɗan luwaɗi ne amma ya yi kamfen ɗin a'a, duk da haka e ta ci da kashi 62.

Amma waɗanda suka fi ɗaure min kai na Amurka ne, don su a siyasa daga can ƙuryar hagu suke. 'Yan Against Equality, su Ryan Conrad da Yasmin Nair, cewa suke aure kansa ne matsalar, hanya ce da gwamnati ke raba gata ga wanda ya bi layi. A ƙasar da inshorar lafiya ke bin aikinka ko aikin wanda ka aura, me ya sa sai ka yi aure za ka ga likita, ba gara a yi faɗan kowa ya samu ba? Kuma suna jin haushin yadda manyan ƙungiyoyi suka zuba miliyoyi a shari'ar aure alhali ga yaran da iyaye suka kora suna kwana a titi. Har shari'ar Edith Windsor ta 2013 da kowa ke tafa wa, wadda ta sa gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da auren jinsi, asalinta harajin gado ne na dala dubu 363, to wa ke da irin wannan gadon in ba mai hali ba? Na zauna da wani dattijo da ya ga zamanin da ƙanjamau ke ɗibar abokansa, ya ce min su gudun gidan aure suka yi suka zo birni, yanzu kuma jikoki na roƙon a mayar da su ciki.

Kuma ban ɓoye cewa tsiraru ne ba, na saka binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Pew na 2013 da ya nuna kashi 93 na 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a Amurka suna goyon bayan auren. A shafin farko na babin ma na saka.

Madam ta riƙe babin har lokaci ya kusa ƙurewa, sannan ta kira ni ofis. Ba ta ce ga kuskure a shafi kaza ba, ko ɗaya wallahi. Cewa ta yi ta fahimci daga inda na fito wannan batu yana da nauyi, kuma ya kamata in tambayi kaina me ya sa na je ina neman waɗannan mutanen musamman. Wato ɗan Damagaram Musulmi ba zai iya gano abu a bincike ba sai dai in ƙiyayya ce ta kai shi. Na ce Madam, rabin mutanen nan sun fi ki zama 'yan hagu fa. Ta yi murmushin nan nasu ta ce a cire babin ko kuma ba za ta sa hannu in kare kundin a wannan zangon ba, ni kuwa takardar zamana da kuɗin tallafin karatu duk a kan zangon suke rataye. Na cire. Ranar kare kundi ɗaya daga cikin alƙalan ya ce aikin ya yi tsabta amma babu sabon abu a ciki, tana zaune kusa da shi tana gyaɗa kai.

Abin dariyar, da na ba wa mutanenmu labari a masallaci bayan Juma'a, wani babban yayanmu cewa ya yi Allah ya ƙara, wa ya aike ka karatun ƙazanta. Can an ce na tsane su, nan an ce na zama lauyansu, babu wanda ya karanta layi ɗaya.

Sauran kuwa gajeru ne. Kafin ka zaɓi mai duba aikinka nemi ɗalibanta na bara, baƙaƙen ciki, ka sha shayi da su. Duk abin da aka faɗa maka a ofis ka koma ɗaki ka tura imel kana maimaita shi, don baki ba ya barin shaida. Ka ajiye kowane kwafi da kwanan watansa. Nawa yana nan, shafi 34, kuma na ga jadawalin shekara mai zuwa an liƙa a allo, Madam za ta buɗe sabon darasi a kan rarrabuwar kai tsakanin 'yan luwaɗi game da aure.