Ina gadin hanta, ashe zuciya ce ke ci

Shekara 18 ina gyaran manyan motoci a Suame Magazine, matattarar makanikai a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma ba wanda ya taɓa ganina da kwalba a unguwarmu Aboabo. Da wannan nake taƙama, ƙannena. In an tashi aiki sai in ratse wani kiyos nesa da Zango, in kora akpeteshie, barasar gida mai ƙarfi, ƙaramin kofi biyu, daga baya huɗu, in tauna goro, in shigo unguwa kamar kowa. Da bitas na fara, wai maganin basir da ciwon baya. Saiwoyi ne aka jiƙa a barasa, amma tunda an ce magani, sai mutum ya yafe wa kansa.

Hanta kawai nake tsoro. Kullum ina leƙa madubin mota in ga ko idona ya yi ɗorawa. Ina shekara 46 haki ya fara. Da yamma takalmi ya ƙi shiga, da dare sai na jera filo uku kafin numfashi ya daidaita.

Ga inda na cuci kaina. Likita ta tambaye ni ko ina sha, ƙanena da ya rako ni yana zaune a gefe, na ce "A'uzu billahi!" Wata bakwai na ƙara ina sha a ɓoye, ina haɗiyar ƙwayoyi a bayyane. Da aka ɗauki hoton zuciyar, sai ga ta ta buɗe ta saki, kamar famfon da ya gaji. Barasa ce ke cin naman zuciya a hankali, ɗakin hagu ya faɗaɗa ya kasa tura jini, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ban da hawan jini da rikicewar bugun zuciya da take jawowa.

Ba ni kaɗai ba ne ashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, miliyan 2 maza ne, kuma 474,000 ta hanyar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka tafi. Masu cewa ɗan kaɗan na gyara zuciya kuwa, Tarayyar Zuciya ta Duniya ta ƙaryata su tun 2022.

In ka riga ka shiga, roƙona ɗaya: ka ce wa ɗan rakiya ya jira a waje, ka faɗa wa likita adadin da kake sha, ba ragi. In shan ya yi nisa kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai, yana iya kawo karkarwa da jijjiga, a asibiti ake yi. Zuciya kan farfaɗo in an daina da wuri. Tawa rabi ta dawo. Yanzu benci nake zama a gareji ina nuni da baki, yara na ɗaga giyabos.