Yadda Na Zalunci Ramatoulaye

Lokacin da nake karatun adabi, da ma'auni ɗaya tak nake auna matan da ke cikin ƙagaggun labaran Afirka. Wadda ta kwashe kayanta ta bar gidan miji ita ce ta sami 'yanci a wurina, wadda ta zauna kuwa sai in ce mulkin maza ya ci ƙarfinta. Ƙannena masu karatu, ina jan kunnenku kada ku ɗauki wannan ma'auni, domin ni ya kai ni ya baro.

Da shi na karanta littafin Mariama Bâ 'yar ƙasar Senegal, Une si longue lettre, wanda ya fito a 1979. Na yaba wa Aissatou wadda ta rabu da mijinta da aka yi mata kishiya, na kuma rubuta a takardar jarrabawa cewa aminiyarta Ramatoulaye, tauraruwar littafin, raguwa ce, tunda ta haƙura bayan mijinta Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu. Sai da na girma, na ga takaba da idona, sannan na koma wa littafin. A nan na lura cewa matar da na raina, uwar 'ya'ya goma sha biyu da miji ya juya wa baya, ita ce bayan rasuwar Modou ta dubi ɗan'uwan mamacin, Tamsir, ta ƙi aurensa ƙiri-ƙiri, ta kuma ƙi tsohon maneminta Daouda Dieng duk da mutuncinsa da wadatarsa. Ashe sauri ne ya hana ni jin muryarta.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya. Maza kawai nake nema in ɗora wa laifi, har na tsallake uwar mijin Aissatou wadda ta yi renon amaryar da hannunta saboda tana ƙyamar surukarta 'yar maƙera, da mahaifiyar Binetou wadda ta tura 'yarta gidan mai kuɗi. Marubuciyar ta nuna cewa danniyar tana tafiya tare da asali da dukiya, kuma mata ma suna riƙe da igiyarta.

Saboda haka, kafin ku yanke wa wata tauraruwa hukunci, ku tambayi kanku me take da shi a hannu: ilimi, sana'a, 'ya'ya nawa, gidan wa za ta koma. Da na yi wannan tambaya ne na fahimci Rabi ta littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wadda aka kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sayar da abinci.