Ni da bacci, yadda muka shirya

Wata uku da suka wuce in ka ganni da hantsi sai ka rantse jinya nake, ido jawur, hamma ba ƙaƙƙautawa, ga kai kamar an ɗora min dutse. Kuma fa lafiyata ƙalau, bacci ne kawai ba na samu. Ana idar da isha'i zan wuce majalisa a ɗora ataya, zagaye na farko, na biyu, har na uku ban taɓa cewa a'a ba, ga goro a baki, sai wajen sha ɗaya da rabi in shigo gida in kwanta da waya a hannu wai bari in ɗan leƙa WhatsApp, daga nan sai TikTok, kafin in ankara biyu ta gota. Asuba kuwa sai maman yara ta yi ta bubbuga min ƙafa.

Ashe atayar nan ce ta fara cin amanata. Sinadarin kafeyin da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro, in ka sha shi, bayan awa 5 zuwa 6 kusan rabinsa yana nan a jininka. To lissafa, wadda na kurɓa ƙarfe goma na dare, har ukun dare rabinta na nan tana aiki, shi ya sa ko na samu baccin ma ba ya nauyi, motsin ɓera kaɗai ya isa ya tashe ni. Ban daina sha ba, kar in yi muku ƙarya, na dai mayar da ita ta safe, in an yi azahar shi ke nan. 'Yan majalisa sun min tsiya har sun gaji, wai na tsufa.

Waya ce dai ta ba ni wuya wlh. An ce in duhu ya yi ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari, melatonin, shi ke shaida wa jiki dare ya yi, haske kuma yana jinkirta shi. Gaskiya ne, amma ni a ganina ba hasken ba ne kaɗai, abin da kake kallo ma yana tayar da hankali, ta yaya za ka gama karanta musun siyasa ranka a ɓace sannan ka ce ido ya rufe? Yanzu a falo take kwana a jikin caji, na sayi ɗan agogo mai ƙararrawa. Satin farko hannuna da kansa yake lalube ƙarƙashin filo yana nemanta.

Sauran kuma ba sabon abu ba ne, kakata haka take yi tun ina yaro ban taɓa kulawa ba. Ƙarfe goma in watsa ruwa in yi alwala, in rage fitila, in kakkaɓe shimfiɗa in saki gidan sauro. Sai Tabara, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku, in kwanta ta gefen dama ina jan tasbihi, 33, 33, 34. Sau da yawa ba na ma kaiwa ƙarshen 34 ɗin. Dama ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan isha'i, mun sha ji a wajen karatu, aikatawar ce muka bari. Awa 7 zuwa 9 ake so babba ya samu, ni ina samun shida da rabi zuwa bakwai, sai in cike da ɗan ƙailula.

Ba kullum yake ci ba fa. Shekaranjiya aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, ga janareton maƙwabta yana ta ruri, na yi juyi na yi juyi har zufa ta jiƙa filo. Maimakon in yi ta kokawa da katifa sai na ɗauki tabarma na fita tsakar gida na zauna shiru da mafici, wayar na can falo tana ƙyalli ina ganinta ta taga, na kau da kai. Hamma ta uku na jawo zanin gado na miƙe a nan, kiran sallar farko ne ya tashe ni, sauro sun yi bikinsu a ƙafata.